Darasin Adabin Turanci a Babbar Sakandare: Nasiha ga Ɗalibi Mai Shirin Zaɓe

Karatun sakandare a Nijeriya ya kasu gida biyu, shekara uku a ƙaramar sakandare da shekara uku a babba, kuma a bakin shiga babbar ne ake fara tambayar yaro abin da yake so ya karanta, bayan ya shafe shekara tara ana ɗora masa darussa ba tare da an nemi ra'ayinsa ba. Darussan wannan mataki iri biyu ne. Akwai na dole, wato waɗanda kowane ɗalibi zai zauna jarrabawarsu ko yana so ko ba ya so, kamar Harshen Turanci da Lissafi, akwai kuma na zaɓi, wato waɗanda yake ɗauka gwargwadon sashen da ya shiga, na kimiyya ko na kasuwanci ko na fasaha, har adadin darussansa ya kai takwas ko tara. Cikin na zaɓin akwai Adabin Turanci, wanda ɗalibai da yawa a makarantun ƙasar Hausa suke kauce wa, wasu saboda tsoron yawan littattafansa, wasu saboda zaton cewa maimaici ne na darasin Turancin da ya riga ya zama musu dole. Haka tsarin yake a Gana, inda darasin yake cikin na zaɓi ga ɗaliban sashen fasaha, kuma 'ya'yan Hausawan zango a Kumasi da Akara suna fuskantar irin wannan shawara, domin hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ce take shirya jarrabawar a ƙasashen biyu tare da Saliyo da Gambiya da Laberiya.

Zaton cewa darussan biyu abu ɗaya ne kuskure ne da ya kamata a gyara tun da wuri. Darasin Harshen Turanci yana koyar da ƙa'idoji: ginin jimla, daidaiton aiki da mai aikatawa, rubuta wasiƙa da insha'i, fahimtar gajeren nassi da taƙaita shi, da sanin furucin sautuka. Darasin Adabi kuwa yana sa ɗalibi gaban cikakken littafi, wani lokaci mai shafi ɗari biyu ko fiye, ya bar shi ya ga yadda waɗannan ƙa'idoji suke aiki a hannun gwanaye, yadda ake gina labari, yadda ake kafa hujja ta bakin mutum biyu masu saɓani, da yadda magana guda take ɗaukar ma'ana biyu. Wanda ya tsaya ga ƙa'ida kaɗai yakan iya cike gurbi a takardar jarrabawa, amma idan aka ce ya rubuta shafi uku a kan wani al'amari da ya dame shi sai kalmomi su ƙare masa a sakin layi na biyu, saboda kalmomi da salon jera su ba sa taruwa a kan mutum sai ta hanyar karatu mai tsawo. Wannan shi ne dalilin da ya sa ya dace ɗalibin da Allah ya ba dama ya ɗauki darasin Adabi, da sharaɗi guda wanda sauran wannan bayani zai tsaya a kansa, wato ya karanta littattafan da kansu.

Akwai abin lura a tarihin irin wannan zaɓi a Amurka. A can babbar sakandare shekara huɗu ce, daga aji tara zuwa aji goma sha biyu, kuma daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin shekarun 1970 makarantu da yawa suka rarraba darasin Turanci na manyan azuzuwa zuwa gajerun kwasa-kwasai na zango ɗaya ko ƙasa da haka, ɗalibi ya zaɓi wanda ransa yake so: aikin jarida, ƙagaggun labaran kimiyya, adabin Baƙaƙen Amurka, nazarin fim, ƙirƙirar rubutu, da makamantansu. Manufar mai kyau ce, domin an lura cewa matashi ya fi ba da himma ga abin da ya zaɓa da kansa, kuma ta wannan ƙofa ce marubuta baƙaƙen fata da marubuta mata da dama suka shiga azuzuwan da a da ba a jin sunayensu. Sai dai ba a daɗe ba aka fara kuka cewa wasu ɗalibai suna bin kwasa-kwasan da ba su da nauyi, suna gama makaranta ba tare da sun karanta littafi mai wuya ko sun rubuta doguwar maƙala ba. A 1983 wani kwamitin ƙasa kan ingancin ilimi ya fitar da rahoto mai suna A Nation at Risk, ya kwatanta manhajar sakandaren da ɗakin cin abinci inda kowa yake ɗiban abin da ya ga dama har kayan marmari su maye gurbin abincin gaske, sannan ya ba da shawarar a wajabta wa kowane ɗalibi shekara huɗu na Turanci.

Zaɓi bai mutu a Amurka ba bayan wannan rahoto, amma an fi darajanta nau'insa mai tsanani. Misalinsa shi ne kwasa-kwasan da ake kira AP, waɗanda hukumar College Board take kula da su, wato darussa masu nauyin shekarar farko ta jami'a da ake koyarwa tun a sakandare. Biyu daga cikinsu na Turanci ne, ɗaya kan harshe da kafa hujja, ɗaya kan adabi, kuma a jarrabawar kowannensu, wadda ake yi a watan Mayu ana ba da maki daga 1 zuwa 5, sai ɗalibi ya rubuta maƙala uku a zama ɗaya. Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne cewa 'yancin zaɓi shi kaɗai ba ya ilimantar da kowa. Darajar darasin zaɓi tana cikin yawan karatu da rubutun da yake tilasta wa wanda ya zaɓe shi, kuma ɗalibin da ya zaɓi darasi don neman sauƙi ya cuci kansa da hannunsa, ko a Amurka yake ko a Katsina.

A ƙasashen WAEC ɗalibi ba ya zaɓen littattafan da kansa, hukuma ce take fitar da jeri wanda ake sauyawa duk bayan shekara biyar, makaranta kuma ta ɗauki ɗaya daga kowane rukuni in ban da na waƙa. Rukunan sun ƙunshi zube, wato ƙagaggen labari da aka rubuta kara zube ba a tsarin baiti ba, da wasan kwaikwayo, da waƙa, kuma kowanne an raba shi zuwa na marubutan Afirka da na waɗanda ba 'yan Afirka ba, sannan a ƙara da wasa ɗaya na Shakespeare. A jerin da aka yi amfani da shi daga 2021 zuwa 2025 akwai Second Class Citizen na Buchi Emecheta, labarin wata 'yar Nijeriya da ta bi mijinta Landan ta sha wuyar aure da wariya, akwai Invisible Man na Ralph Ellison kan rayuwar baƙar fata a Amurka, akwai kuma The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1986. Duk wanda ya bi waɗannan littattafai da natsuwa ya zagaya nahiya uku yana zaune a ajinsa, ya ga yadda talauci da mulki da aure da wulaƙanci suke juya mutane a wuraren da bai taɓa takawa ba, kuma wannan ilimi ne da babu wani darasi a jadawalin makaranta da yake bayar da irinsa.

Jarrabawar takarda uku ce. Ta farko tambayoyi hamsin ne na zaɓen amsa, ta biyu rubutu ne kan zube, ta uku rubutu ne kan wasan kwaikwayo da waƙa. A cikin ta farkon akwai wani sashe da ya cancanci a dakata a kansa, domin shi ne yake fallasa wanda bai yi karatu ba: ana kawo guntun zube da gajeriyar waƙa waɗanda ba sa cikin jerin littattafan, ɗalibi bai taɓa ganinsu ba, a tambaye shi jigonsu, wato saƙon da suka ginu a kansa, da yanayin mai magana, da irin adon harshen da aka yi amfani da shi. Babu hadda da take amfani a nan. Abin da yake amfani shi ne kunnen da ya saba da jin harshe, wanda yake gane lokacin da marubuci yake zambo alhali kalmominsa na yabo ne, ko lokacin da ya ambaci ruwa yana nufin mutuwa. Irin wannan kunne ba a samunsa a mako biyun da suka rage kafin jarrabawa.

Babbar cutar da take cin wannan darasi ita ce dogaro ga ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a shagunan littattafai da bakin makarantu, waɗanda suke kawo labarin kowane littafi a shafi biyar, da jerin taurarinsa, da amsoshin da aka riga aka shirya, kuma yanzu wayar hannu ta ƙara sauƙaƙa abin, domin cikin daƙiƙa kaɗan ɗalibi yana iya samun taƙaitawar kowane babi. Ba za a musa cewa wasu sun sami kiredit ta wannan hanya ba, wato maki daga C6 zuwa sama a ma'aunin da ya fara daga A1 ya ƙare a F9. Amma ya kamata a faɗi gaskiya game da abin da suka samu da abin da suka rasa. Taƙaitawa tana ba da abin da ya faru a labari, alhali abin da ya faru shi ne mafi ƙarancin amfanin littafi. Abin da yake gina mai karatu shi ne dubban jimlolin da marubuci ya bi kafin ya kai ga wannan abin da ya faru, da shakkun da ya jefa a zuciyar mai karatu game da wa yake da gaskiya, da wahalar da mai karatu ya sha kafin ya yanke hukunci da kansa. Ɗalibin da ya haddace hukuncin wani ya fita da takardar shaida, amma Turancinsa yana nan inda ya bar shi a ƙaramar sakandare, kuma jami'a za ta gano hakan a zangon farko, ranar da aka ba shi littattafai huɗu aka ce ya fitar da ra'ayi daga cikinsu. A irin wannan hali ne maganar magabata take tabbata, cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wajibi ne a yi wa ɗalibai adalci a nan, domin da yawa ba lalaci ne ya kai su ga taƙaitawa ba. Littattafan suna da tsada ga gidan da yake da 'ya'ya biyar a makaranta, ɗakunan karatu na makarantun gwamnati da yawa babu sababbin littattafai a cikinsu, malamin Adabi ɗaya yakan riƙe azuzuwa masu cunkoso, kuma ɗaliba mace takan dawo gida ta tarar da aikin da ba ya barin ta zauna da littafi sai dare ya raba. Duk da haka akwai dabarun da ba su fi ƙarfin talaka ba. Ɗalibai biyar suna iya haɗa kuɗi kowa ya sayi littafi ɗaya su riƙa musaya, ana iya neman tsofaffin kwafi daga hannun waɗanda suka gama tunda jerin yana ɗaukar shekara biyar bai canza ba, kuma shafi goma a rana, wanda bai wuce aikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya ba, yana ƙare littafi mai shafi ɗari uku a wata guda. Shekara uku ta ishi mai wannan ɗabi'a ya karanta kowane littafi na jerin sau biyu, har ya sami sararin leƙa waɗanda makarantarsa ba ta zaɓa ba.

Karatun farko ya kamata ya zama na jin daɗi, a bi labari har ƙarshe ba tare da tsayawa duba ƙamus a kowace kalma ba, domin yawan tsayawa yana kashe sha'awa, kuma kalmomi da yawa muhallinsu ne yake bayyana ma'anarsu. Karatu na biyu shi ne na fensir da littafin rubutu, inda ɗalibi yake lura da inda tauraro ya sauya hali, da maganar da aka maimaita, da abin da marubuci ya ƙi faɗa. Wasan kwaikwayo kuwa an rubuta shi ne don a ji shi, saboda haka ya fi kyau abokai su raba matsayi su karanta shi a bayyane, musamman Shakespeare, wanda Turancinsa na shekara ɗari huɗu da suka wuce yakan toshe a kan takarda amma ya buɗe idan aka furta shi. Bayan wannan duka sai rubutu. Ɗalibin da ya saba rubuta shafi ɗaya kowane mako kan tambaya guda, misali ko wata tauraruwa ta kyauta da ta bar mijinta, yana kawo hujja daga cikin littafin yana kuma amsa hujjar wanda zai saɓa masa, yana koyon aikin da lauya da ɗan jarida da alƙali da mai bincike suke rayuwa a kansa.

Akwai iyaye da malamai da suke ɗari-ɗari da darasin saboda wasu littattafan suna ɗauke da shaye-shaye da soyayya da al'adun da ba su dace da tarbiyyar gidan Musulmi ba, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya wadda bai kamata a yi mata izgili ba. Amsarta ita ce nazarin adabi horo ne na auna hali, ba na kwaikwayonsa ba. Tambayar da malami yake yi a aji ita ce me ya kai wannan mutum ga aikinsa, me ya biyo baya, kuma wane matsayi marubuci ya ɗauka, kuma ɗalibi yana da cikakken 'yancin ya saɓa wa marubucin matuƙar zai kawo hujja. Matashin da yake riƙe da waya yana haɗuwa da abin da ya fi waɗannan littattafai muni kowace rana, ba malami a gefensa, ba kuma wanda zai tambaye shi ra'ayinsa. Wanda aka koya wa tsayawa ya tambayi manufar mai magana da dabarar da yake bi don shawo kansa ya fi samun kariya daga farfaganda da yaudarar intanet fiye da wanda bai taɓa yin wannan atisaye ba.

Ɗalibi Bahaushe bai zo wannan darasi hannu rabbana ba, ko da yake sau da yawa yana jin kamar haka ne. Ya taso cikin tatsuniya da karin magana da habaici da kirari da waƙoƙin makaɗan fada da na noma, ƙila kuma ya karanta dogayen littattafan hikaya na Hausa da yawa a takarda ko a waya. Kamantawa, wato kwatanta abu da wani ta amfani da kalma irin «kamar», da siffantawa, wato kiran abu da sunan wani kai tsaye, da mutuntarwa, wato ba wa abin da ba mutum ba halin mutum, duk ya san su a aikace kafin ya ji sunayensu na Turanci. Saboda haka wanda ya haɗa Adabin Turanci da darasin Hausa, wanda shi ma yana cikin na zaɓi, zai ga kowanne yana haska ɗan'uwansa. Tarihin rubutun boko na Hausa shaida ne a kan wannan. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina kuma ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ya karanta labaran Larabawa da na Turawa da na Indiya kafin ya rubuta Magana Jari Ce, ya narkar da su ya zuba su cikin Hausar da har yau ake koyi da ita. Karatun baƙon adabi bai raunana Hausarsa ba. Daga baya kuma Arewa ta fitar da masu rubutu da Turanci irin su Zaynab Alkali, wadda littafinta The Stillborn ya fito a 1984, da Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, kuma abin da ya ba rubutunsu ƙarfi shi ne sanin rayuwar gida da suka shigo da shi cikin harshen.

Wani abin da yake hana ɗalibai masu hazaƙa kusantar darasin shi ne ɗabi'ar da ta kafu a makarantu ta tura masu ƙoƙari ajin kimiyya, a bar ajin fasaha ga waɗanda ake gani sun gaza. Wannan rarrabawa ba ta da tushe a ilimi, kuma ta sa an rasa lauyoyi da malamai da marubuta nagari da aka mayar da su ɗaliban kimiyya marasa sha'awa. Chinua Achebe ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likita, bayan shekara ɗaya ya koma nazarin Turanci da tarihi da addini, ya rasa tallafin saboda wannan sauyi, kuma shekara goma bayan shigarsa ya fitar da Things Fall Apart. Wanda kuma zuciyarsa take ga kimiyya da gaske, kuma jadawalin makarantarsa bai ba shi damar haɗawa da Adabi ba, ba a rufe masa ƙofa ba, domin yana iya aron littattafan daga abokansa na ajin fasaha ya shiga ƙungiyar muhawara ko ta 'yan jarida ta makaranta. Marubuci Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, masanin haɗa magunguna ne, Lenrie Peters na Gambiya kuma likitan fiɗa ne da aka san shi da waƙa, kuma kowane likita ko injiniya zai wayi gari yana bukatar rubuta rahoton da mutane za su fahimta su kuma amince da shi.

Akwai kuma lissafin shiga jami'a, wanda ya kamata a yi shi tun a ajin farko na babbar sakandare. A mafi yawan jami'o'in Nijeriya ba a ɗaukar ɗalibi karatun lauya ko digirin Turanci sai yana da kiredit a Adabin Turanci, a jarrabawar WAEC ko ta NECO, wasu kuma suna neman sa ga mai son wasan kwaikwayo ko aikin jarida. Jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darasi huɗu ce, Turanci na dole da uku da suka dace da kwas ɗin da ake nema, kuma hukumar tana wallafa kundin da yake nuna abin da kowace jami'a take bukata ga kowane kwas. Ɗalibai da yawa ba sa buɗe wannan kundi sai a ajin ƙarshe, lokacin da aka riga aka yi musu rajistar darussa, sai su tarar cewa burinsu na zama lauya ya tsaya a kan darasin da suka bari shekara biyu da suka wuce, dole su sake zaman jarrabawa a matsayin masu zaman kansu, da ƙarin kuɗi da asarar shekara. Ya dace ɗalibi ya nemi malamin da yake ba da shawara a makarantarsa, ko wani yaya da ya riga shi shiga jami'a, su duba kundin tare kafin ya cike takardar zaɓen darussa, kuma ya sake dubawa a shekarar da zai zauna jarrabawa, domin sharuɗɗan sukan sauya daga shekara zuwa shekara kuma sukan bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan.